Yadda Ake Ɗaga Lamba Zuwa Fawa: Daga 2³ Har Zuwa Manyan Lambobi

Idan aka rubuta 2³ a allo aka ce a faɗi amsa, da wuya a rasa wanda zai ce shida. Ya ga biyu, ya ga uku, sai ya ninka su. Amsar kuwa takwas ce. Duk wanda ya gane dalilin da ya sa takwas ce, zai iya fitar da sauran dokokin wannan babi da hannunsa a gefen takarda, ko da hadda ta gudu ta bar shi a ɗakin jarrabawa. Shi ya sa zan daɗe a kan tushen maganar kafin mu shiga dokoki, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗauko biro da takarda, domin lissafi ba ya zama a kai ta hanyar kallo.

Mataki na farko: ka san aikin kowace lamba

A rubutu irin 2³ lambobi biyu ne, kowace da aikinta. Babbar da ke zaune a ƙasa, wato 2, ita ce gindi, ita ake ninkawa. 'Yar ƙaramar da ke rataye a sama ta dama, wato 3, ita ce fawa. Ba ta shiga cikin ninkawar ko kaɗan. Aikinta ƙirge ne kawai: tana gaya maka sau nawa za ka jera gindin kafin ka sa alamar sau a tsakaninsu. Saboda haka 2³ na nufin 2 × 2 × 2. Biyu sau biyu huɗu, huɗu sau biyu takwas.

Shi wannan aiki ana kiransa ɗaga lamba zuwa fawa. Ana cewa "an ɗaga biyu zuwa fawa uku", a taƙaice kuma "biyu fawa uku". Lambar da ake ɗagawa ita ce gindi, kuma kullum ita ake fara ambata. Kada ka yi wasa da wannan jeri, domin idan aka juya shi amsa ta canza. 2 × 3 da 3 × 2 duk shida ne, amma 2³ takwas ne, 3² kuwa tara. Idan lambobin suka ɗan girma sai bambancin ya fito fili: 2¹⁰ ya kai 1,024, alhali 10² ɗari ne kacal.

Fawa biyu da fawa uku suna da sunayensu na musamman. Idan aka ɗaga lamba zuwa fawa biyu, an samu murabba'inta, abin da 'yan makaranta ke kira sukwaya, saboda fili mai gefe huɗu daidai wanda kowane gefensa ya kai mita 5 yana da faɗin 5 × 5, wato murabba'in mita 25. Fawa uku kuma ana ce masa kyub, domin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita 5 ne yana cin 5 × 5 × 5, wato 125. Wannan alaƙa da siffofi tsohuwa ce. Al-Khawarizmi, wanda ya yi aikinsa a Bagadaza a ƙarni na 9, da kalmomi zalla yake rubuta lissafinsa, babu alama ko ɗaya, kuma zanen murabba'i yake yi ya nuna hujjarsa. Ɗora 'yar lamba a sama yadda muke yi yau ya bazu ne bayan Bafaranshen nan Rene Descartes ya yi amfani da shi a 1637, kuma shi kansa sau da yawa xx yake rubutawa a maimakon x².

Mataki na biyu: ka warware, ka ninka ɗaya bayan ɗaya

Mu ɗauki 3⁴. Rubuta 3 sau huɗu: 3 × 3 × 3 × 3. Yanzu fara daga hagu. Uku sau uku tara. Tara sau uku 27. Sannan 27 sau uku 81. Ka lura cewa ukun guda huɗu ne, amma ninkawar sau uku ka yi. A nan wasu ke zarcewa su ƙara ninkawa ɗaya su samu 243, wanda shi 3⁵ ne. Abin da za ka ƙirga shi ne yawan gindin da ka jera, alamomin sau kuwa kullum suna kasa su da ɗaya.

Akwai waɗanda ya kamata su zauna a kai, saboda yawan haɗuwa da su: murabba'in lambobi daga 1 zuwa 15, kyub daga 1 zuwa 6 (1, 8, 27, 64, 125, 216), da jerin biyu: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1,024. Wanda ya riƙe waɗannan, da ya ga 64 zai san cewa 8² ne, 4³ ne, kuma 2⁶ ne, kuma rabin tambayoyin wannan babi da irin wannan ganewa ake buɗe su.

Goma ta fi kowace lamba sauƙi. Fawarta ita ce yawan sifilin da za ka jera a bayan ɗaya: 10³ dubu ne, 10⁶ miliyan, 10⁹ biliyan. Ɗaya kuwa ko zuwa fawa nawa ka ɗaga ta, ɗaya ce.

Mataki na uku: ka duba baka da alamar debewa kafin ka taɓa komai

Fawa tana hawa kan abin da ke manne da ita ta hagu ne kaɗai, sai fa idan an sa baka biyu an tattaro abubuwa wuri ɗaya. A cikin 2 × 3², ukun kaɗai aka ɗaga, don haka 2 × 9 ne, wato 18. A cikin (2 × 3)² kuwa, sai ka fara gama abin da ke cikin baka ka samu 6, sannan ka ɗaga: 36. Tsarin shi ne baka tukuna, sai fawa, sai ninkawa da rabawa, sannan tarawa da debewa.

Haka abin yake da lamba mai alamar debewa. (−3)² na nufin (−3) × (−3), kuma debewa sau debewa tarawa take haifarwa, amsa 9. Amma −3² ba tare da baka ba, a ƙa'idar littattafan lissafi, ana ɗaga ukun ne a samu 9 sannan a maido da alamar a gaba: −9. Maki da yawa na zubewa a wannan wuri, kuma abin takaicin shi ne ɗalibin ya iya lissafin, idonsa ne kawai bai tsaya a kan bakan ba.

Idan gindin mai alamar debewa ne kuma yana cikin baka, duba fawar. In tana rabuwa biyu daidai, kamar 2 ko 4 ko 6, alamomin za su kashe juna bibbiyu, amsa ta fito ba debewa: (−2)⁴ = 16. In mara ce, kamar 3 ko 5, alama ɗaya za ta rage ba abokiya: (−2)⁵ = −32.

Ga kuma babban kuskuren da ke bin mutane har manyan azuzuwa: ɗaukar (3 + 4)² a matsayin 3² + 4². Na farkon 7² ne, 49. Na biyun 9 da 16 ne, 25. Ina 24 suka shiga? Zana murabba'i mai gefe 7, ka raba kowane gefe gida biyu, 3 da 4, ka ja layi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Za ka ga ɗakuna huɗu. A kusurwa ɗaya akwai ƙaramin murabba'i mai 9, a kusurwar da ke fuskantarta akwai mai 16, sai kuma ɗakuna biyu masu 3 × 4, kowanne 12. Su ne 24 ɗin da suka ɓata. Wanda ya yi wannan zane da hannunsa sau ɗaya, ba sai an sake tuna masa cewa (a + b)² = a² + 2ab + b² ba.

Mataki na huɗu: ka fitar da dokokin da kanka

Littattafai kan jero dokokin fawa a cikin akwati a ce a haddace. Ni ban ga laifin hadda ba, amma hadda marar dalili saurin rikicewa take yi, sai mutum ya rasa ko tarawa ake yi ko ninkawa. Maganin abin shi ne warwarewa.

Ninka 2³ da 2⁴. Na farko biyu guda uku ne, na biyu biyu guda huɗu. Ka jera su gaba ɗaya, biyu guda bakwai ke nan, 2⁷. Duba: 8 × 16 = 128, kuma 2⁷ = 128. Ashe idan gindi ɗaya ne kuma ninkawa ake yi, sai a tara fawa, gindin kuma a bar shi yadda yake. Arkimidis na Girka ya nuna wannan game da goma tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da yake neman hanyar faɗin yawan ƙwayar yashin da zai cika sararin duniya.

Raba 5⁶ da 5⁴. Biyar guda shida a sama, guda huɗu a ƙasa. Soke su ɗaya da ɗaya, biyu suka rage a sama: 5², wato 25. A rabawa ana debe fawa ke nan.

Ɗaga 2³ zuwa fawa biyu, wato (2³)². Wannan 2³ × 2³ ne, rukuni biyu kowanne da biyu guda uku, jimla guda shida: 2⁶ = 64. Fawa a kan fawa, ninka su ake yi.

Idan kuma gindin ya bambanta amma fawar ɗaya ce, ana iya haɗa gindin: 2³ × 5³ daidai yake da (2 × 5)³, wato 1,000, domin kowace biyu za ta samu biyar ɗinta.

Sanin inda dokokin ba sa aiki ya kai sanin su muhimmanci. 2³ × 3² ba ya haɗuwa, gindi daban fawa daban, sai dai ka fitar da 8 da 9 ka ninka ka samu 72. Tarawa ma ba ta da doka irin wannan: 2³ + 2⁴ shi ne 8 + 16 = 24, ya yi nisa ƙwarai da 128. Duk lokacin da zuciyarka ta yi kokwanto, gwada dokar da ƙananan lambobi kamar 2 da 3. Cikin minti ɗaya za ta nuna kanta.

Mataki na biyar: fawa sifili da fawa mai alamar debewa

A nan ne ma'anar "jera gindi sau kaza" take ƙarewa, domin babu wanda zai iya jera biyu sau sifili, balle sau debe uku. Mutane da yawa daga nan suke yanke ƙauna su koma hadda. Bai kamata ba, don dalilin a bayyane yake.

Ka ɗauki fawa kamar matakalar bene. Duk hawa ɗaya, ninkawa da gindi ne. Duk sauka ɗaya, rabawa da gindi. Fara daga 2⁴ = 16 ka riƙa sauka. 2³ = 8, 2² = 4, 2¹ = 2. Sauko ɗaya kuma: biyu a raba da biyu, ɗaya. To 2⁰ = 1 ke nan. Gwada da goma: 1,000, 100, 10, sai 1. Gwada da bakwai: 49, 7, sai 1. Kowace lamba ka ɗauka, matuƙar ba sifili ba ce, fawa sifili ɗaya take bayarwa. Dokar rabawa ma haka ta ce: 5³ a raba da 5³ ɗaya ne, tunda abu ne aka raba da kansa, kuma debe fawa ya ba da 5⁰.

Ci gaba da sauka ƙasa da sifili. Ɗaya a raba da biyu, rabi: 2⁻¹ = 1/2. Sake rabawa: 2⁻² = 1/4, sannan 2⁻³ = 1/8. Ka ga alamar debewa a kan fawa ba ta mai da amsa ƙasa da sifili. Abin da take cewa shi ne a kifar da lambar, a mai da ita ƙarƙashin ɗaya. Don haka 2⁻³ shi ne ɗaya bisa 2³. Wanda ya rubuta −8 ko −6 ya kauce hanya. Idan gindin kansa kaso ne, kifarwar ta fi fitowa sarai: (2/3)⁻² ya zama (3/2)², wato 9/4.

Sifili kaɗai ke da nasa hukunci. 0³ sifili ne, ba gardama. Sifili a fawa mai alamar debewa ba shi da amsa, domin rabawa da sifili ke nan. 0⁰ kuwa a lissafin makaranta ana barinsa ba ƙayyadadden amsa, ko da yake a wasu fannoni masana sun zaɓi su ɗauke shi ɗaya don aikinsu ya tafi daidai.

Mataki na shida: fawa mai kaso

Mene ne 9 a fawa rabi? Bar dokar tara fawa ta ba ka amsa. Idan ka ninka 9 fawa rabi da 9 fawa rabi, rabi da rabi ɗaya ne, ka samu 9¹, wato tara. Wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta take ba da tara? Uku. Ashe fawa rabi ita ce saiwar murabba'i, wadda ake rubutawa √9. Fawa sulusi kuma, wato 1/3, ita ce lambar da za a jera sau uku a samu gindin: 8 a fawa 1/3 biyu ne, 125 a fawa 1/3 biyar.

Idan saman kason ya wuce ɗaya, aiki biyu ne. Lambar ƙasa tana faɗin saiwar da za a cire, ta sama tana faɗin fawar da za a ɗaga. A 16 fawa 3/4, nemi lambar da za a jera sau huɗu a samu 16, biyu ce, sannan ɗaga ta zuwa fawa uku: 8. Kana iya fara ɗagawa kafin cire saiwa, amsar ba za ta canza ba, sai dai za ka tsinci kanka kana neman saiwa ta huɗu ta 4,096. Fara da saiwa, lambobin su ƙanƙance a hannunka.

Mataki na bakwai: babbar fawa ba tare da dogon wahala ba

A ce ana son 3¹³ kuma babu kalkuleta. Ninkawa da uku sau goma sha biyu hanya ce, amma doguwa ce, kuma kuskure ɗaya a tsakiya ya lalata duk abin da ya biyo baya. Ga gajeriyar hanya. Riƙa ɗaukar murabba'i a kan murabba'i: 3² = 9, sai 9 × 9 ya ba da 3⁴ = 81, sai 81 × 81 ya ba da 3⁸ = 6,561. Tsaya nan, don mataki na gaba 3¹⁶ ne, ya wuce abin da ake nema. Yanzu fasa 13 zuwa waɗannan guntaye: 8 + 4 + 1. Ninka 6,561 da 81 ka samu 531,441, sannan ka ninka da 3: 1,594,323. Ninkawa biyar ka yi a maimakon goma sha biyu. Idan fawar ta kai dubbai, ribar ba ta misaltuwa, kuma da irin wannan dabara kwamfuta ke ɗaga lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma a tsarin ɓoye bayanai irin RSA da ake tsare saƙonnin intanet da shi.

Kana iya duba alƙalamin ƙarshe na amsarka. Fawoyin uku suna ƙarewa da 3, 9, 7, 1, sannan su sake zagayowa. Goma sha uku zagaye uku ne da saura ɗaya, don haka dole amsar ta ƙare da 3. Ta kuwa ƙare da shi. Wannan ba ya tabbatar da dukkan amsar, amma yana kama kurakurai da yawa.

Wani lokaci ba ainihin amsar kake buƙata ba, girmanta kawai. Riƙe cewa 2¹⁰ = 1,024 ya kusa dubu, wato 10³. Ga misali da ke girgiza duk wanda ya fara jin sa. Takarda mai kaurin milimita 0.1, a ce za a iya naɗe ta gida biyu sau 42, kowane naɗi yana ninka kaurin. 2⁴² shi ne 2² × (2¹⁰)⁴, kimanin 4 × 10¹². Ninka da milimita 0.1 ka mayar kilomita, ka samu kimanin 400,000, ainihin lissafin ma ya kusa 440,000. Matsakaicin nisan wata daga duniya kilomita 384,400 ne. Takarda ba za ta naɗu haka a hannu ba, amma lissafin babu ƙarya a cikinsa. Irin wannan ne tsohon labarin allon shaɗaranji, wasan da ake kira chess da Turanci, mai gida 64, wanda Ibn Khallikan ya rubuta a ƙarni na 13: ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, haka har ƙarshe. Jimlar ita ce 2⁶⁴ − 1, wato 18,446,744,073,709,551,615.

Abin da nake so a ɗauka a nan ya wuce mamaki. Hankalinmu ya saba da tarawa, shi ya sa yake raina duk abin da ke girma ta hanyar ninkawa. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, kowace shekara ana ninka yawanta da 1.03. Bayan shekara 24 an ninka da 1.03²⁴, wanda ya ɗan haura 2, wato ta ruɓanya. Mai tarawa zai ce uku sau 24, kashi 72 ke nan, ya yi ƙasa da gaskiya sosai. A gefe guda kuma, lambar da ke tsakanin sifili da ɗaya ƙanƙancewa take yi idan an ɗaga ta: 0.5² = 0.25, 0.1³ = 0.001. Ɗagawa ba kullum take nufin girma ba.

Mataki na takwas: fawar goma da ma'aunai

Masana kimiyya ba sa jera sifili. Suna rubuta lamba tsakanin 1 da 10 su ninka ta da fawar goma. Nisan rana daga duniya kimanin kilomita 150,000,000 ne. Matsar da ɗigo daga ƙarshe zuwa bayan alƙalamin farko, kana ƙirga gidajen da ka tsallake: takwas. Sai ka rubuta 1.5 × 10⁸. A mita kuwa 1.5 × 10¹¹ ne, tunda kilomita mita 10³ ce. Haske yana gudun kimanin mita 3 × 10⁸ a daƙiƙa. Raba nisa da gudu: 1.5 a raba da 3 rabi ne, 10¹¹ a raba da 10⁸ kuma 10³. Rabin dubu, daƙiƙa 500, wato minti 8 da daƙiƙa 20 hasken rana ke yi kafin ya iso. Ƙananan lambobi kuma ɗigon dama yake tafiya, fawar ta ɗauki alamar debewa: 0.00042 shi ne 4.2 × 10⁻⁴.

Ma'aunin fili da na ciki ma fawa ce ke tafiyar da su. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya 100² ne, murabba'in santimita 10,000. Kyub ɗin mita kuma 100³, kyub ɗin santimita miliyan ɗaya, wanda ya yi daidai da lita 1,000. Idan aka ninka tsawo da faɗi da zurfin tankin ruwa kowanne sau biyu, ruwan da zai ci 2³ ne, ninki takwas.

Mataki na tara: kalkuleta da kwamfuta

A kalkuletar kimiyya akwai maɓallin x² na murabba'i, da wani mai alamar xʸ ko ^ na kowace fawa. Danna gindi, danna maɓallin, danna fawa, sannan alamar daidai. Idan gindin mai alamar debewa ne, ko fawar kaso ce, saka su cikin baka. Rubuta 8^(2/3) ka samu 4. Idan ka bar bakan ka rubuta 8^2/3, na'ura za ta ɗauki 64 ta raba da uku. Idan amsa ta yi tsawo za ka iya ganin abu kamar 5E3. Wannan 5 × 10³ ne, dubu biyar, kada a karanta shi 5³.

Manhajoji ba bakinsu ɗaya ba. A Excel ana rubuta =2^3 ko =POWER(2,3). Sai dai idan ka rubuta =-3^2, Excel zai ba ka 9, saɓanin ƙa'idar littafi, domin yana fara manna alamar debewa kafin ya ɗaga. A Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, taurari biyu ake sawa, 2**3, kuma -3**2 yana ba da −9. Alamar ^ a Python wani aiki daban take yi: 2^3 zai ba ka 1, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba. Fawa a kan fawa ma haka: 2^3^2 a Excel 64 ne, daga hagu yake farawa, amma 2**3**2 a Python 512 ne, domin yana fara fitar da 3² ya samu 2⁹, wanda shi ne yadda masana lissafi ke karanta shi. Sa baka a duk inda ma'ana za ta iya rabuwa biyu, ko da kana ganin ba a buƙata.

Mataki na goma: ka haɗa su a tambaya ɗaya

Ga irin abin da ke fitowa a jarrabawa: a sauƙaƙa (2⁵ × 4⁻¹) ÷ 8^(2/3). Dabarar ita ce mai da kowa gindi ɗaya. Huɗu 2² ce, don haka 4⁻¹ = 2⁻². Takwas 2³ ce, kuma uku sau 2/3 biyu ne, don haka 8^(2/3) = 2². Yanzu fawa kaɗai ake lissafawa: 5 a debe 2 a sake debe 2, saura 1. Amsa 2. Bi ta ɗaya hanyar don tabbatarwa: 32 sau rubu'i takwas ne, takwas a raba da huɗu biyu.

Wannan dabara ce kuma ke buɗe tambayar da fawar ce ba a sani ba. Idan 9ˣ = 27, mai da su duka gindin uku: 3²ˣ = 3³. Gindi ya zama iri ɗaya, dole fawoyin su zama daidai da juna, 2x = 3, x = 3/2. Duba: saiwar tara uku ce, uku fawa uku 27. Amma idan aka ce 2ˣ = 10, babu gindin da zai haɗa su cikin sauƙi. Abin da za ka iya gani da ido shi ne x tana tsakanin 3 da 4, tunda goma tana tsakanin 8 da 16. Gwaji da kalkuleta zai kai ka kusa da 3.32. Hanyar fitar da ita kai tsaye ita ce logaridim, wanda John Napier ɗan Sikotilan ya wallafa a 1614, kuma a kalkuleta sai ka raba log 10 da log 2.